Zuwa ga Edita: Masu shirin tarewa a Abuja, a lissafa hanya kafin a lissafa haya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ɗan fili nake roƙo a shafin wasiƙu in yi magana akan wani abu da yake cin mutanenmu masu tahowa Abuja, wato inda mutum zai sauke kayansa ya zauna. Ba a cika wata ba a kira ni daga gida ba, ko wani ƙane ya samu aiki, ko ɗan ajinmu an masa transfa, ko wani yana son buɗe shago, kuma tambayar ɗaya ce kullum, "Yaya ina ne haya tafi sauƙi?" To ni dai a ganina wannan tambayar ita take jefa mutane a wahala, don a garin nan hanya tafi haya cin albashi. Abin da ya kamata mutum ya fara tambaya shine ina zan riƙa zuwa kullum da safe, kuma ta wace ƙofa zan shiga gari.

Wanda bai taɓa zama anan ba yana ɗauka Abuja ita ce abin da yake gani a talabijin, Masallacin Ƙasa, Majalisa, Dutsen Aso, titunan Maitama da Asokoro masu bishiyoyi da fitilu. Eh akwai su kam, amma yawancin waɗanda suke aiki a ciki ba a ciki suke kwana ba. Marigayi Janar Murtala ne ya sanar da dawo da babban birni nan a watan Fabrairun 1976, aka zana taswirar garin a 1979 da lissafin mutum wajen miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, in ya cika ya batse ya kai miliyan 3 da ɗoriya, sai ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya taro daga Legas. Ƙidayar 2006 ta ba Babban Birnin Tarayya mutum miliyan 1.4, tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, kuma ko a waccan ɗin ba a saka mutanen Mararaba da Masaka ba don a takarda 'yan Nasarawa ne, ba a saka na Suleja da Madalla ba don 'yan Neja ne, alhali da asuba duk nan suke kwararowa. Ka ɗora waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa, da waɗanda 'yan bindiga suka hana noma a Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja, da masu bautar ƙasa da in sun gama ba sa komawa gida, zaka gane dalilin da yasa inda ka sani gona bara, bana ka tarar an kewaye an saka geti an rubuta estet.

Kuma gaskiya tun farko ba a tanadi wa ƙaramin ma'aikaci wurin kwana a tsakiyar gari yadda ya kamata ba. 'Yan kwatas ɗin gwamnati da ake da su a Garki da Wuse an sayar da su zamanin Obasanjo lokacin Malam Nasiru El-Rufai yana ministan Abuja, wanda ya samu ya samu, wanda ya zo daga baya sai dai haya. A zamanin ne kuma aka yi rusau mai yawa, aka hana acaɓa a cikin gari a 2006, sannan a 2013 aka hana ƙananan bas ɗin nan da ake ce wa araba shiga tsakiyar gari. Ba wai nace duk ba a yi daidai ba, gari yayi kyau yayi tsafta, amma abin da ya haifar shine direba da masinja da malamin firamare da nas da maigadi duk an tura su baya, kuma ba a basu abin hawan kirki da zai riƙa kawo su ba.

Manyan ƙofofin shiga garin uku ne, kowace da halinta. Ta arewa ita ce hanyar Kubwa, wadda ta taso daga Zuba ta bi Dei-Dei, Kubwa, mahaɗar Dutse Alhaji, Dawaki, Gwarinpa har Katampe. Titin yana da faɗi sosai, in ba a yi hatsari ba ko tirela ta lalace yana tafiya. Mutumin Kaduna da Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato nan ya fi masa, don ranar Juma'a in zai tafi gida ba sai ya ratsa gari ba, ga tashar jirgin ƙasa na Kaduna a Kubwa, wanda aka buɗe a 2016. Ɗan kasuwar da harkarsa take Dei-Dei, katako ko kayan gini ko dabbobi ko kayan gwari, ko kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba, bashi da dalilin kama gida a wani ɓangare. Wanda aikinsa yake Bwari, wajen hedikwatar JAMB ko makarantar horar da lauyoyi, Dutse ko Ushafa ko Bwarin kanta sun ishe shi. In ka ƙara gaba ka tsallaka Neja sai Madalla da Suleja, kuma Suleja ba sabon gari bane, ita ce Abuja ta asali, garin da sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi, Abu Ja ya kafa ta a 1828, da gwamnati ta ɗauki sunan sai aka saka mata Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Bahaushe in ya sauka can baya jin baƙunta, ga fada ga makarantun allo ga abinci da sauƙi, matarka zata samu maƙwabta ranar da kuka tare. Matsalar nisa ne, da tankokin mai, da ranar kasuwar Madalla da titi yake tsukewa.

Ta gabas ita ce hanyar Keffi, daga shataletalen AYA da ke Asokoro ka gangara Kugbo, Karu, Nyanya, ka tsallaka iyaka zuwa Mararaba, One Man Village, Ado, New Nyanya, Masaka. Nan ne mafi yawan sabbin zuwa suke faɗawa don nan ake ce musu haya tafi araha, kuma mutanen Bauchi da Gombe da Jos da Yola da Maiduguri ta nan hanyar gidansu take. In ka duba nisa ba wani abu bane, da daddare ko ranar Lahadi kafin ka gama waya ka iso, amma hanya ɗaya ce tal ga jama'ar da Allah kaɗai ya san yawansu. Malam Edita in kana son ganin abin da nake faɗi ka tura wakilinka gadar Mararaba da an sallame sallar asuba. Gari bai waye ba amma bakin titi ya cika, mata da jaka da kular abinci, maza da takalmin ofis a leda sun saka silifas saboda ƙura ko taɓo, yara 'yan makaranta suna gyangyaɗi a tsaye, kwandasta yana ihu Eriya Wan, Baja, Wuse, Sakatariya, motar gida ta tsaya kafin mai ita ya sauke gilas mutum goma sun rufa mata, a cusa huɗu a baya biyu a gaba. Mai motar ma ma'aikaci ne, kuɗin mai yake haɗawa. Wanda ya tsallake kafin gosulo ya haɗu sai ya isa Sakatariya tun ba a buɗe ofis ba, ya kwantar da kujera a fakin ya ƙarasa barcinsa, wanda ya makara da minti ashirin kuma sai ya share awa biyu tsakanin Nyanya da AYA yana shaƙar hayaƙi. Da yamma a juya a sake. Akwai magidanta da yawa da daga Litinin zuwa Juma'a 'ya'yansu basa ganinsu ido biyu, sun fita yara na barci sun dawo yara sun yi barci.

Ta uku ita ce hanyar filin jirgi, titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, Lugbe, Gosa, mahaɗar Kuje, Giri har Gwagwalada. Babban titin lafiya lau, sai dai da ka sauka daga kansa ka shiga cikin unguwa labari ya canja, musamman da damina. Gwagwalada akwai jami'a da asibitin koyarwa, wanda yake aiki a can ya zauna can abinsa, amma ya shirya wa zafi don garin yana da zafi ba wasa, kuma kar wanda ya ruɗe ka cewa daga Gwagwalada zuwa Wuse nan da nan ne.

Yanzu ga lissafin da nake so kowane mai tahowa ya zauna yayi da biro da takarda. A ce ka samu ɗaki mai araha a bayan gari, amma sai ka hau acaɓa ko keke daga gida zuwa bakin titi, ka shiga mota zuwa gari, ka sake shiga wata zuwa ofis, a ce zuwa da dawowa naira 3,000 a rana, misali kawai na bayar, kowa ya saka nasa. Kwana 22 na aiki a wata ya kama 66,000, a shekara 792,000. Mafi ƙarancin albashi da aka saka wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, kaga kuɗin mota ya kusa cinye shi kenan. In matarka ma tana aiki ka ninka, in yara suna makaranta a wata unguwa ka ƙara. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita bata kai 200 ba, mutum zai iya zama Masaka ko Suleja yace ya ci riba, amma da lita ta haura 1,000 a 2024 wannan tsohon lissafin ya rushe, sai dai har yanzu da shi ake ba sabbin zuwa shawara. Sau da yawa in ka haɗa hayar can da kuɗin motar shekara, sai ka ga sun kai ko sun wuce kuɗin ƙaramin selkon, wato ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki, a kusa da wurin aikinka, ga lokacinka da ya tafi, ga jiki da ya gaji, ga oga yana maka kallon mai latti. Hausawa dai sun ce araha bata ado. Na san amsar da za a bani, kuɗin mota kullum ake fitar da shi kaɗan kaɗan, haya kuwa dunƙule ake nema, talaka bashi da dunƙulen. Gaskiya ne wallahi, kuma nan ne ainihin zaluncin yake, mai albashin wata ana ce masa ya biya shekara gaba ɗaya, wani mai gidan ma yace biyu. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudiri a Majalisar Dattawa don a koma biyan wata wata a Abuja, aka yi ta surutu akai, amma har yau shekara masu gida suke karɓa.

Kuma kuɗin da aka faɗa maka a waya ba shine kuɗin ba. In aka ce haya miliyan ɗaya ka shirya wa kashi 10 na ejan wato dillalin gida, kashi 10 na lauya wai kuɗin agirimen ko da ba ka ga lauyan da idonka ba, kuɗin koshan da ake cewa za a dawo maka ranar fita in baka lalata komai ba, in estet ne ga sabis caji na masu gadi da kwasar shara. Kafin ka karɓi makulli miliyan ɗayan nan ta zama ɗaya da dubu ɗari uku ko fiye. Shi ejan kuma tun kafin ya nuna maka ƙofa zai karɓi kuɗin dubawa, kai zaka biya masa mota, ya zagaya da kai gida uku da ya san ba zaka so ba, na huɗun da ya turo maka hotonsa a WhatsApp yace ai jiya jiyan nan wani ya biya. Wani lokacin ejan huɗu ne a jere akan gida ɗaya, kowa yana jiran kasonsa, babu wanda ya taɓa ganin mai gidan a cikinsu. Akwai na kirki a cikinsu ban ce babu ba, amma dan Allah kar ka tura kuɗi asusun kowa sai ka ga mai gida ko lauyansa ko wanda aka damƙa wa kula da gidan, ka tambayi waɗanda suke ciki wa suke biya, ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya. An sha karɓar kuɗin mutum biyu uku akan ɗaki ɗaya a kashe waya. Ka kuma sani a dokar Abuja mai biyan shekara in za a tashe shi notis ɗin wata shida ake bashi, sai dai in ya saka hannu akan wani abu daban, shi yasa ake karanta takarda kafin a saka hannu, ba bayan rigima ta tashi ba.

Wani abin da ba a faɗa a fili, wasu masu gidan suna zaɓen wanda zasu ba haya. Wani yace baya son mai iyali da yawa, wani baya ba mace mara aure ko da likita ce, wani da ya ji sunanka ko ya ga hularka sai gida ya zama an riga an kama. Namu ma suna yi wa wasu haka, kar mu yi kamar bamu sani ba. Gara ka sa ejan ya tambaya tun farko da ka ɓata kuɗin mota.

In gida ya maka, kar ka tsaya kallon fenti da tayil da silin. Ka buɗe famfo. Ruwan gwamnati daga madatsar Usuma yake zuwa, ana ƙara mata daga Gurara, yana kaiwa tsofaffin unguwannin cikin gari da wasu sassan Kubwa da Gwarinpa, amma unguwanni da yawa na bayan gari da sabbin estet bohol ne ko 'yan ga-ruwa. In kaga kura cike da jarkoki tana shiga layin tana fita, ka tsayar da mai turawa ka tambaye shi nawa kura, kuma nawa take kaiwa a watan Maris da Afrilu in rijiyoyi sun ja baya, shi zai faɗa maka gaskiyar da ejan ba zai faɗa ba. Mai shayin bakin layi kuma shi ya san awa nawa ake samun wuta da ranar da taransifoma ta ƙone aka yi karo karo. Ka duba mita, ta kati ce ko bil ake kawowa, taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce da za a riƙa faɗa akan waye yake da hita waye yake da firiza, kuma akwai tsohon bashi a kanta ko babu. Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A naira 225 kan kowane yunit, unguwar da take da wuta sosai ita ma tana da nata cizon.

Sai ruwan sama. Wanda ya zo neman gida da rani an rufe masa ido, don hanyar da ya bi da ƙura a watan Janairu ita ce kogi a watan Agusta. Ka dubi katangar gidan daga ƙasa, in kaga wani layi mai duhu ya zagaye ta daidai gwiwa ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa rabi kawai, ruwa ne ya kwana a wurin. Ka dubi ko gidan a gangare yake, ko akwai rafi a bayansa da aka matse da gini. Lokogoma da wasu sassan Lugbe an sha ganin ambaliya a cikinsu, ta watan Yunin 2023 a Lugbe kowa ya ga hotunan motoci a nutse, kuma gidaje ne masu tsada ba na talakawa ba. A Mpape kuma kusa da gari ne sosai, daga Maitama hawa ɗaya ne, amma akwai masu fasa dutse, har ƙasa ta yi motsi a can a Satumbar 2018.

Akwai kuma ƙauyukan cikin gari, irin su ƙauyen Garki da Mabushi da Jahi da Durumi da Karmo, inda zaka samu ɗaki ko baca, wato ɗakin kwano ko katako, da sauƙi kuma kana kusa da wurin aiki, har wani da ƙafa yake zuwa. Ga saurayi mai fara nema ni ban ga laifinsu ba, sun fi masa zaman Masaka nesa ba kusa ba, amma ya sani yawancinsu basu da takarda a wajen gwamnati, ranar da ya ga an zo an shafa jan fentin rusau a bango to ya fara ɗaure kaya, kuma kar ya biya fiye da abin da zai iya haƙura da shi.

Wannan ya kawo ni maganar fuloti, don duk wanda ya sha wuyar haya shekara biyu sai ya fara mafarkin nasa. A cikin Babban Birnin Tarayya minista ne kaɗai yake da ikon ba da fili, ba mai unguwa ba, ba sarkin ƙauye ba. Takardar da dagaci ya buga wa hatimi da shaidu huɗu bata hana katafila. Su Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da sauran 'yan asalin wurin suna da nasu kukan mai tsawo akan diyya da sake matsuguni, kuma kukan gaskiya ne, amma kai baƙo da ka sayi gona a hannun wani ka gina, in aka zo rusau ba a lissafa ka cikin masu diyya. Ko takardar ƙaramar hukuma ce aka nuna maka, ko ta estet, kaje AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja, a bincika maka fayil ɗin kafin ka biya ko sisi, ka tafi da lauyanka ba lauyan mai sayarwa ba. In a Mararaba ne ko Suleja, Lafiya da Minna ne suke da magana, ba Abuja ba. Kuma tunda a 2025 Ministan Abuja Wike ya ƙwace filayen waɗanda basu biya harajin ƙasa ba, ko mai C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ma sai ya duba ko akwai bashi a kai.

Tsaro kuma ba sai na ja ba. An fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, a farkon 2024 masu garkuwa sun addabi yankin Bwari da wajen Dutse. Abin da aka lura shine gidan da yake ƙarshen unguwa, jikin dutse ko bakin daji, wanda shine ya fi araha kuma ejan zai ce maka ga iska ga shiru, shi aka fi shiga. Ka tambaya ko akwai 'yan sintiri, nawa ake biya, ƙarfe nawa ake rufe geti. A cikin gari kuma 'yan wan-cans ne, motar da zaka shiga a bakin titi ashe duk na ciki ɓarayi ne, kuma wanda yake fita da duhu ya dawo da duhu shi yafi haɗuwa da su, kaga nan ma nisan gida ya shigo.

Maganar iyali ita ce mazan basa son a taɓa. Namiji zai zaɓi gida don ofis ɗinsa, ya ɗauko yarinya daga gidan yawa a Kano ko Gusau, inda ko tari tayi sai an ce sannu, ya kawo ta estet mai dogon geti inda maƙwabci baya sanin sunan maƙwabci, ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i, sannan yana mamakin me yasa kullum tana waya tana kuka tana cewa a kaita gida. Kafin ka biya ka duba akwai masallaci da ƙafa, akwai islamiyya, makarantar bokon da aljihunka zai iya tana ina, in naƙuda ta tashi da tsakar dare wane asibiti ne kusa kuma hanyar tana biyuwa, akwai wata 'yar uwa ko 'yar garinku da zata iya leƙowa. Kuɗin makarantar yara a garin nan wani lokacin ya fi haya. Shi yasa da yawa suka zaɓi su bar iyali a Kaduna ko Zariya ko Keffi, su haɗu su uku huɗu a ɗaki ɗaya, Juma'a a kama hanya Lahadi ko asubar Litinin a dawo. Yana da sauƙin kuɗi, amma duk wanda ya tuna harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 da shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro ya san shi ma ba kyauta bane, ga tarbiyyar yara an bar wa uwa ita kaɗai. Shawarar da nake ba ƙannena ita ce su zo su kaɗai tukuna, su raɓa wajen wani na ɗan lokaci, su gwada hanyar ranar Litinin da safe ba ranar Asabar da ejan yake son kai mutum ba, in da hali su ga damina ɗaya, sannan su ɗauko iyali.

Ga hukuma kuma, jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020 aka sake tayar da shi a Mayun 2024, abu ne mai kyau, amma daga tsakiyar gari zuwa Idu da filin jirgi da ɓangaren Kubwa yake bi, ita kuwa hanyar Nyanya da Mararaba inda jama'a suka fi yawa ko layin dogo ɗaya babu. Hanyar Apo zuwa Karshi da aka ce zata rage wa Nyanya nauyi an shafe fiye da shekara goma ana maganarta. Ministan Abuja da gwamnan Nasarawa da na Neja kowa yana aiki iya iyakarsa, alhali mutum ɗaya ne yake kwana a wajen wannan ya wuni a wajen wancan. Me zai hana su zauna su fitar da manyan bas masu lokaci da layinsu daban daga Masaka da Suleja da Gwagwalada, a kuma saka wa ejan rajista da iyakar abin da zai karɓa?

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Kullum labarin Abuja a shafukanku na Majalisa ne da fadar shugaban ƙasa. Yadda kuke kawo farashin masara da shinkafa daga Dawanau, ku riƙa kawo mana ko sau ɗaya a wata nawa ake kama ciki da falo a Kubwa da Lugbe da Mararaba da Suleja, nawa ne kuɗin mota daga kowace zuwa Baja da Sakatariya, nawa kurar ruwa, da Hausa yadda mai shirin tahowa daga Funtuwa ko Azare zai karanta tun yana gida. Wakilinku na Abuja ma na tabbata daga ɗaya cikin waɗannan unguwannin yake fitowa kullum, ba sai an bashi kuɗin bincike mai yawa ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum, daga Kubwa, Abuja.